Wace Gurjiya? Tarihin Garuruwa da Tituna Masu Takwara

Gurjiya biyu ce tsakanin Dawakin Kudu da Bunkure. Kowacce mazaɓa ce a ƙaramar hukumarta, kowacce da dattawanta da gonakinta, kuma duk wanda ya ce zai je Gurjiya sai an tambaye shi: ta Dawaki ko ta Bunkure? Dawakin ma ba ɗaya ba ce. Akwai tamu ta Kudu, akwai ta Tofa a arewa maso yammacin birni. A 1977, da gwamnatin Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na farko a jihar, sai ta ajiye ɗaya a nan, ɗaya a can. Tun daga lokacin, uban da ɗansa ya ci jarrabawar shiga Dawaki sai ya sake duba takardar da kyau kafin ya san motar da za su hau.

Wannan tambaya ta "wacce?" ita ta sa na fara ɗaukar hoto. Ba ni da wata babbar kyamara, wayar hannuna ce kawai. Idan na ji suna ɗaya a wuri biyu ko uku, sai in bi su ɗaya bayan ɗaya, in tsaya a bakin hanya da hantsi kafin rana ta yi tsaka, in ɗauki allon sunan idan akwai shi. Idan babu, wanda shi ne ya fi yawa, sai in ɗauki abin da mutanen wurin ke nunawa da hannu idan sun ambaci sunan. Daga nan in kai a wanke mini hotunan, in jera takwara kusa da takwara a cikin kundi. Na fara daga gida, na bi titin Zariya har birni, na ratsa ƙananan hukumomin da suka haɗu suka zama Kanon yau: Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo.

Abin da kundin ya nuna mini shi ne, ba rashin dabara ke sa Bahaushe maimaita suna ba. Suna yakan maimaitu ne a inda abu iri ɗaya ya faru da mutane. Idan ka ga Zango goma, to ayari ya sauka a wuri goma. Idan ka ga Sabon Gari a kowane birnin da jirgin ƙasa ya tsaya, to hannu ɗaya ne ya zana su.

Zango shi ne ya fi kowa nisan tafiya. Kafin mota, fatake kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi da jan kirgi, su nufi Gwanja sayen goro, madugu na jagorancin ayari, tafiyar watanni. Ba a shiga da ayari tsakiyar gari. A gefe ake sauka, inda akwai ruwa da ciyawar dabbobi. Mata su kawo fura da tuwo, mai masauki ya kafa rumfa, wani bafatake ya yi aure ya ƙi gaba, wani malami ya buɗe makarantar allo. Kafin a ankara masauki ya zama unguwa. Haka aka sami Zangon Barebari a cikin birnin Kano, da Zangon Aya tsakanin Zariya da Kaduna, da Zangon Kataf, da Zangon Daura, da Zangon Damagaram wanda ke tsaye daura da Birnin Damagaram har gobe. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, Hausawan da ke can suka bazu cikin garuruwan kudu, suna kafa zanguna. A Ankara, Malam Baƙo ya fita da mutanensa daga tsohon zango ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Zangunan Gana sun yi yawan da a 2017 gwamnatin ƙasar ta kafa ma'aikata sukutum mai ɗauke da sunan.

Mu nan kudancin Kano ba 'yan kallo ba ne a wannan fatauci. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ɗan Bebeji ne daga zuriyar Agalawa, kuma da goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa. Yau idan ka shiga yankin noman rani na Kadawa za ka ji ana cewa Agalawa, ana nufin ƙauye da filayen da ke shan ruwa a gefensa. Hoton da na ɗauka a can ba jaki ko ɗaya a ciki. Shinkafa ce kore shar har iyakar ganinka, da wani yaro yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye.

Sai Karofi. Wanda bai san Kura ba sai da shinkafa zai yi mamaki idan aka ce masa da rini duniya ta fara saninta. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano ke kaiwa har Tumbutu da gaɓar tekun arewa. Mafi daraja a cikinsu shi ne turkuɗi mai ƙyalli, wanda Buzaye ke naɗawa, kuma Kura da ƙauyukan da ke kewaye da ita su ne gidansa. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan sana'a ya yi bincikensa. Aiki ne mai hannu da yawa: manomin baba, masaƙi, maɗinkin da ke haɗa siraran ƙyallaye, marini, sannan mabugi da ke dukan yadin a kan gungume har ya ɗauki sheƙi. Shi ya sa kusan kowane tsohon gari a wannan yanki yake da wurin da ake ce wa Karofi ko Marina. Na Ƙofar Mata ne baƙi ke zuwa gani, amma shi ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Har wani gari a ƙasar Katsina sunansa Karofi, inda Sarkin Kano Abdullahi ya rasu a 1882, aka riƙa ce masa Maje Karofi.

A wani ƙauye tsakanin Dawaki da Kura, na nemi izinin mai unguwa, ya haɗa ni da wani tsoho ya kai ni karofinsu. Fili ne a bayan gari, ya ɗan yi tudu, ƙasarsa fari-fari saboda tarin katsi da toka na shekaru aru-aru. Na ce, "Baba, ina ramukan suke?" Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kana kansu, ɗana." Da na duba da kyau sai na fara ganin bakunansu, zagaye-zagaye, an shafe su da laso mai ƙarfin da ruwan sama bai cinye ba. Wasu an cike su da shara, ɗaya tumfafiya ta fito a cikinsa. Ya nuna mini na mahaifinsa, ya nuna na ƙanen mahaifinsa, ya gaya mini inda mabuga ke zama a ƙarƙashin wata tsamiya da yanzu babu ita. Yaran da suka biyo mu sun san sunan wurin sarai, nan suke buga ƙwallo. Da na tambaye su me ake yi a karofi, babu wanda ya amsa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin jikokin marinan ne.

Takwarorin da suka fi cika mini kundi su ne na zamanin Turawa, kuma a nan ne labarin ya fi nauyi. Sojojin Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, gyaɗa ta fara tafiya teku. Jirgin ya zo da mutanensa: akawuna da masu gyaran inji da masu buga waya da 'yan kasuwa, daga Legas da ƙasar Yarabawa da ƙasar Ibo, har da Saliyo da Gana. Turawa ba su so waɗannan baƙi su zauna cikin ganuwa ƙarƙashin Sarki da alƙali, ba su kuma so su zauna kusa da gidajensu. Sai a 1913 aka yanka musu fili a arewa maso gabashin birni, aka ja tituna miƙaƙƙu masu ratsa juna, aka raba fuloti. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta ƙara ɗaure tsarin, har da sharaɗin a bar fili fetal na yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Abin da aka yi a Kano shi aka yi a Zariya da sauran garuruwan da dogo ya ratsa, kuma ko'ina sunan ɗaya ne: Sabon Gari.

Saura kuma 'yan Arewa da ba 'yan gari ba: tsofaffin sojoji, leburorin jirgi, masu aikin gidan Bature, 'yan cirani. Su Musulmi ne, Hausa suke ji, amma ba su da gida a birni. Su ma aka ware musu nasu wuri, aka sami Tudun Wada a Zariya tsakanin birni da Sabon Gari, da Tudun Wada a Kano kusa da Gwagwarwa, da ta Kaduna, da ta Jos. Wato gari ɗaya aka raba shi gida huɗu: birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada ta baƙin kusa, Sabon Gari na baƙin nesa, Nassarawa da Bompai na masu mulki. Sai a 1940 aka mayar da Sabon Garin Kano ƙarƙashin hukumar En'e, aka haɗa shi da maƙwabtansa a abin da ake kira Waje. Amma shekarun da aka yi ana zaune baya da baya sun riga sun yi aikinsu. Jinin da ya zuba a rikicin Kano na watan Mayun 1953, da wanda ya fi shi muni a 1966, a kan waɗannan iyakoki ya zuba. Ni dai ban yarda cewa zanen Bature kaɗai ya jawo wannan ba, mu ma da alhakinmu. Sai dai wanda ya hana maƙwabta haɗa rijiya da kasuwa da makaranta, ya sauƙaƙa wa mai son haɗa su faɗa.

Shiga Sabon Garin Kano ka karanta allunan tituna, za ka ga taswirar inda mutanen suka fito: Abeokuta, Ijebu, Warri, Aba, Enugu, Freetown, Gold Coast. A tsakaninsu ga sunayen Turawa irin su Aitken da Weatherhead, ga Burma da ke tuna yaƙin da sojojinmu suka je a Yaƙin Duniya na Biyu. A nan na ɗauki ɗaya daga cikin tagwayen da na fi so. Court Road biyu ce a Kano. Ta Sabon Gari cike take da shaguna da benaye da hayaniyar masu sauke kaya. Ta Gyaɗi-Gyaɗi, inda Babbar Kotun Tarayya take, lauyoyi ne da baƙaƙen riguna da masu buga takardu a bakin titi. Mai adaidaita sahu da ya san aikinsa ba ya tayar da inji sai ya ji wacce kake nufi, don tsakaninsu tafiya ce ta ratsa gari.

Ba kowane takwara ne ɗan'uwa ba, wannan ma kundin ya koya mini. Tudun Wadan da ke kudu da tafkin Tiga, wadda ake ce wa ta Ɗankadai don a bambanta ta, gari ce mai cin gashin kanta kuma hedikwatar ƙaramar hukuma, ba unguwar baƙi ba ce a gefen wani birni. Sabon Birni na Gobir shi ma labarinsa daban, na sarautar da ta rasa tsohon birninta ta sake kafa wani. Irin wannan ƙaura da suna tsohuwar al'ada ce. Katsinawan da jihadi ya kora suka zauna a Maraɗi, sarkinsu har yau Sarkin Katsina ne. Zage-zagin da suka yi kudu suka kafa Abuja a 1828, sai ga shi bayan 1976 an karɓi sunan an ba sabon babban birnin ƙasa, su kuma garinsu ya koma Suleja.

Bayan mulkin kai sai aka shiga yayin sa wa tituna sunayen manya, musamman waɗanda aka kashe. Ahmadu Bello, wanda aka kashe ran 15 ga Janairun 1966, yana da titi a Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato da Legas da Abuja. Murtala Muhammad da Ibrahim Taiwo, da aka kashe a yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairun 1976, titunansu na nan kusa da juna a wajen Fagge. Ina girmama waɗannan bayin Allah, sun cancanci a tuna da su. Amma hotunan titunansu su ne suka fi ƙarancin magana a kundina, domin sunan bai gaya maka komai game da ƙasar da kake tsaye a kanta ba. Jama'a ma sun san haka. An daɗe da sa wa babbar kasuwar Waje sunan Muhammadu Abubakar Rimi, amma ko lokacin da gobara ta cinye ta a 2016, Kasuwar Sabon Gari kowa ke cewa.

Na dawo gida. Ruwa ya sake wa yankinmu fasali fiye da yadda Bature ya yi. Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, shi ya sa aka gina dam ɗin Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwansa, sannan aka kammala Tiga a 1974. Kashin farko na shirin an tsara shi ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya aka miƙa shi ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. An tashi dubban mutane daga inda tafkin ya kwanta. An auna gonakin gado, an baje su, an sake raba su bisa layin kanal. Manomin da ya saba da gero da dawa da ɗan lambun jigo a bakin fadama ya koma alkama da tumatir da shinkafa, yana noma rani da damina.

Abu ɗaya da nake yaba wa injiniyoyin aikin shi ne, da suka yanka filin kashi-kashi, sun bar wa sassan sunayen ƙauyukan da suka tarar: Karfi, Kosawa, Dalili, Gafan, Yakasai, Agalawa. Da lamba kawai suka sa, da yanzu yaran da aka haifa a bakin kanal ba su san sunan ƙasar kakanninsu ba. Ta haka ne na sami Yakasai ta Kura na jera ta da Yakasai ta birni, na sami Dukawa ta Kura na jera ta da Dukawan da ke kusa da Kasuwar Kurmi, inda har yanzu ake jin warin fata.

Kwalta kuma ta haifi nata sunan: Kwana. Titin Kano zuwa Zariya bai bi ta tsakiyar tsofaffin garuruwa ba, gefe ya bi, ya bar kowane gari da 'yar hanyar da za ta fito da shi. A bakin wannan hanya mai shayi ya fara kafa tebur, mai faci ya biyo shi, 'yan acaɓa suka yi tasha, aka gina masallaci. Ga Kwanar Dawaki, ga Kwanar Gafan, ga Kwanar Ɗangora can gaba. Zangon zamanin mota ke nan. Kwanar Gafan ta fi su duka a idona. Je ka can a tsakiyar kakar tumatir, lokacin sanyi ya fara ja da baya. Kwanduna ne jere a ƙasa sahu-sahu, an rufe bakinsu da takarda da ciyawa an ɗaure da igiya, dillalai na zagayawa da ɗan littafi a hannu, 'yan dako na ɗora wa manyan motocin da za su kwana a hanya zuwa Legas. Idan kaya ya yi yawa farashi ya faɗi, sai ka ga an yanka tumatir an shanya a bakin titi, ja wur har nesa, manomi na tsaye a kai ya rasa abin cewa. An buɗe masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa a 2016 da fatan rage wannan asara, amma shanya ba ta ƙare ba. Wurin da shekara hamsin da suka wuce ba kowa sai mararraba, yau sunansa ya kai kasuwannin kudu.

Sabon yayin da ke damuna shi ne na layi. Birni ya wuce Na'ibawa, yana gangarowa Tamburawa, yana cin gonakin Dawakin Kudu ɗaya bayan ɗaya. Mai gona ya sayar, dillali ya zo da igiya ya yanka fuloti, abin da ake kira awon igiya, a bar 'yar siririyar hanya a tsakani. Ba hukumar da ta zo ta raɗa wa hanyar suna, sai mazauna su raɗa da abin da suka gani: Layin Masallaci, Layin Mai Unguwa, Layin Islamiyya, Layin Taransifoma, Layin Tuƙa-tuƙa, Layin Kemis. Waɗannan na daina ƙirga su. Kowace sabuwar unguwa tana da nata, kuma a hoto da ƙyar ka bambanta su: bulo ba filasta, kwata a tsakiyar hanya, ƙofar ƙarfe, wayoyin lantarki a kan sandar katako. Su ma tarihi ne, suna faɗin abin da mutane suka fara samu da abin da suka haɗa kuɗi suka saya da guminsu. Amma suna da illa biyu. Motar kashe gobara ko mai kawo saƙo ba ya gane wane Layin Masallaci ake nufi cikin hamsin. Sannan kowane ɗayansu ya zauna ne a kan wani tsohon suna, na gona ko fadama ko kududdufi ko bishiya, wanda ke bakin tsofaffi kaɗai.

Na ji masu cewa a kawo tsarin lamba, ko a rufe duka da sunayen manyan 'yan siyasa. Ban goyi baya ba, domin kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala. Rimi ya yi yawa a ƙasar Kano, sai suka ce Rimin Gado, Rimin Kebe, Rimin Auzinawa. Durumi ya yi yawa, suka ce Durumin Iya, Durumin Zungura. Rijiya ta yi yawa, suka ce Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki. A kan hanyarmu ta Zariya ga Ɗorawar Sallau. Ba su goge sunan da jama'a suka saba da shi ba, sun ɗaura masa wani ne da ya nuna mai shi ko wurinsa, kamar yadda aka yi wa Dawaki da Kudu da Tofa.

Shi ya sa yanzu duk layin da na ɗauka, sai na nemi mai unguwa. In gaishe shi in ce, "Ranka ya daɗe, kafin a yanka nan, me ake ce da shi?" Wani ya sani nan take. Wani sai ya aika a kira masa dattijon da ya sayar da gonar, idan yana raye. Abin da suka faɗa nake rubutawa a bayan hoton, ƙarƙashin sunan yanzu, da shekarar da aka fara gini. Aikin nan bai fi ƙarfin ƙananan hukumomin Dawakin Kudu da Kura da Bunkure ba. Kansila da dagaci da masu unguwanni su zauna da dattawan kowace mazaɓa, a rubuta tsohon suna a haɗa shi da sabo, a buga a allon ƙarfe a kafa a bakin layi, a ajiye kwafi a sakatariya da fadar hakimi. Ya kamata a fara da Tamburawa da ƙauyukan da ke bakin titi, inda igiyar dillalai ta fi sauri.